Tsakanin salo da madafa: zancen bango mai ido

 A wannan mako za mu ɗan huta da zancen siyasa da na tsadar kaya, mu shiga cikin gida, mu tsaya daidai wurin da ake girka tukunya. Kada wani ya ce wannan magana ce ta mata. Wanda ya sayi fili, ya ci bashin banki ko ya kwashe ribar shekara biyar ya zuba cikin siminti, maganar ta shafe shi tun kafin ta shafi uwargida.

Wani yayi ya shigo Yamai, kuma ya kama gindi a sababbin unguwanni, daga Koira Kano zuwa gidajen Francophonie da aka gina domin wasannin 2005, har can wajen Koubia. Shi ne abin da masu zanen gini suke kira da Faransanci cuisine américaine, wato madafa wadda ba bango tsakaninta da salo. Mai zama bisa kujera yana ganin murhu, mai girki tana ganin baƙo. A cikin talabijin abin gwanin sha'awa: tebur mai tsawo, tukwane na ƙyalli, uwargida tana yanka tumatir tana hira da mai gida. Ma'aikaci ya gani ya yaba, ɗan kasuwa ya je Dubai ko Istambul ya kwana a masauki mai irin wannan tsari, ya dawo ya ce ma magini: irin wannan nake so.

To, amma tsarin an yi shi ne domin wata rayuwa dabam. A Amurka da Turai ya samu karɓuwa saboda gidajen ba su da faɗi, mutanen gida ba su da yawa, ana girki da lantarki ko gas, akwai injin da ke zuƙe tururi bisa murhu, kuma baƙo ba ya zuwa sai ya yi alkawari. Mu kuwa a nan, girki aiki ne na yini. Akwai daka, akwai tankaɗe, akwai tuƙin tuwo da ke sa mace ta ɗaure zane a ƙirji ta yi zufa. Akwai daddawa, akwai suyar albasa da tattasai, akwai kifin gulbi da ake soyawa ƙamshinsa ya kwana cikin labule. Baƙonmu kuma sallama kawai yake yi, sai ga shi a salo. Wace matar aure ce za ta yarda abokin mijinta, ko surukinta, ya zauna yana kallonta tana tuƙa tuwo? Ita ba ta so, shi ma baƙon kunya za ta hana shi ɗaga kai.

Sakamakon abin kowa ya san shi, ko da ba a faɗa. Madafar cikin gida ta zama ta kallo: a nan ake ajiye firiji da faranti na ado, a nan ake dafa ruwan shayi. Girki na gaskiya ya koma tsakar gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano da aka kafa da gaggawa bayan an tare. Mai gida ya biya kuɗin madafa biyu, uwargida kuma ta samu wadda ta fi muni, ga rana ga ƙura. Wasu kuwa sun kira magini ya toshe wurin da bango ɗungum, sai madafar ta zama kurkuku mai zafi wanda ba iska ba haske.

Tsakanin waɗannan biyu ne ake maganar bango mai ido, wanda maginanmu suke kira kulostara, daga kalmar Faransanci claustra: shinge mai huji-huji da aka tsara da ado, wanda ke tare ido amma ya bar iska da haske su wuce.

Sunan ne baƙo, dabarar ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya tashi a Zongo ya san ta tun yana rarrafe. Zongo na cikin tsofaffin unguwannin Yamai, masaukin fatake da baƙi kamar yadda sunanta ya nuna, kuma tun da aka maido babban birni daga Damagaram zuwa nan a 1926 ba ta daina cika ba. Gidajenta na haya ne galibi, ɗakuna a jere, tsakar gida guda, iyali biyar ko takwas. Ba wanda ya taɓa zana madafa cikin irin wannan gida. Kowace mace tana girki bakin ƙofarta, kuma domin kada maƙwabciya ta ƙirga yankan naman da ke cikin miyarta, ko ta gane yau ba nama, sai ta kafa zana. Zanar nan da ake saƙawa da gamba ita ce kulostarar talaka. Tana tare ido, hayaƙi na fita ta tsakanin ciyawa, mai girki tana jin kukan ɗanta, tana kuma hangen wanda ya shigo gida ba tare da shi ya gan ta ba. Haka asabari yake a bakin ƙofa: na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Kakanninmu da suka tsara zaure, suka karkatar da ƙofar ciki domin idon mai wucewa kada ya faɗa tsakar gida, sun riga sun fahimci cewa sutura ba lalle sai da toshewa ba.

Aibin zana guda ne, amma babba: wuta. Ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi ba su bukatar a tuna masu. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987, wuta ta kuma taɓa ta a 2009. Ƙaramar kasuwa, wadda ke maƙwabtaka da Zongo, ta tashi a 2012. Wanda ya ga yadda wuta ke gudu cikin rumfuna a lokacin iska, ba zai so busasshiyar ciyawa kamu biyu daga murhu ba, balle a gidan da yara goma suke wasa. Saboda haka idan aka ce a maye zana da abin da wuta ba ta ci, ba raina gado aka yi ba.

Ba mu kaɗai ne zafi da kunya suka koya ma wannan dabara ba. A tsohon birnin Alƙahira akwai mashrabiyya, tagogin katako da aka sassaƙa ƙanana-ƙanana aka harhaɗa, inda mata suke zama suna kallon titi. An ce sunan ya fito daga kalmar Larabci ta sha, domin a nan ake ajiye tulun ruwa iska ta bi ta kansa ya yi sanyi. A Indiya ana kiran abin jali, da dutse ake sassaƙa shi, kuma wanda ke masallacin Sidi Sayyid a birnin Ahmadabad, na ƙarni na 16, har yau ana zuwa kallonsa. Hasan Fathi, mai zanen ginin nan na Masar da ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin ƙasa tun shekarun 1940, ya yi ta kira ga mutanen ƙasashen zafi da su koma ga irin waɗannan dabaru maimakon kwaikwayon gidajen gilashi. Abin dariya kuma, Faransawa da kansu, da za su gina Cibiyar Duniyar Larabawa a Paris wadda aka buɗe a 1987, mashrabiyyar suka kwaikwaya, sai dai tasu ta ƙarfe ce mai buɗewa da rufewa da inji. Mu da muke da abin a gida, sai da ya je Turai ya dawo da suna sannan muka ga kyansa.

A nan Yamai ma, wanda ya lura da gine-ginen gwamnati na farkon ƴancin kai, makarantu da ofisoshi da gidajen ma'aikata, zai ga kulostarar siminti a barandu da matakala da saman bango. A lokacin ba kowane ofis ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, dole gini ya yi numfashi da kansa. Da na'urar ta yawaita, sai aka bi ramukan nan ana toshewa, aka sa gilashi. Mun ga amfanin wannan wayo a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa har cikin 2024. Gidan da ya dogara da inji domin ya sha iska, ranar da aka ɗauke wuta tanda ne. Shi ya sa aikin ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou ya cancanci a duba shi. Gidajen da ta yi tare da abokan aikinta a nan birni, waɗanda aka sa ma suna Niamey 2000 aka gama a 2016, da masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa da aka gama a 2018, duka da ƙasa aka gina su, kuma an tsara su ne domin iska da inuwa su yi aikin da wasu ke jiran kuran ya yi.

Yanzu mu zo ga abin da kulostara take iyawa da wanda ba ta iyawa, domin a nan ne ake asarar kuɗi.

Tana tare ido, amma da sharaɗi. Ido yana gani ne daga duhu zuwa haske. Da rana, idan salo ya fi madafa haske, baƙo ba ya ganin komai sai adon bango. Da dare kuwa, idan an kunna fitila mai ƙarfi bisa murhu aka bar salo da ɗan haske domin kallon talabijin, abin ya juya: uwargida ta fito sarai kamar a majigi, ita kuma ba ta ganin mai kallonta. Maganin wannan shi ne kaurin bangon da girman hujin. Rami mai faɗi cikin allo mai sirri, taga ce kawai. Rami ƙarami cikin tubali mai kauri, sai mutum ya tsaya daidai gabansa sannan ya hangi ciki. Daga gefe ba ya ganin komai. Akwai kuma irin wadda ramukanta suke a karkace, suna kallon sama ko ƙasa, ita ce ta fi sutura. Kafin a biya, a ɗauki guda biyu ko uku a jera su, mai gida ya zauna bisa kujera daidai inda baƙo zai zauna, a kunna fitila a baya, a gani da ido. Gani ya kori ji.

Sannan ba dole ba ne bangon ya zama mai huji tun daga ƙasa har sama. Abin da ya fi dacewa shi ne a gina cikakken bango daga ƙasa zuwa kamar mita 1 da ɗan kai, ya rufe tukwane da kwanukan da ba a wanke ba da ƙafafun mai girki, ya kuma hana yaro mai rarrafe zura hannu. Daga nan zuwa sama sai a sa mai ido.

Abin da ba ta iyawa shi ne tare wari da ƙara. Wannan a faɗe shi a fili, domin masu sayarwa ba su faɗa. Duk inda iska ta wuce, ƙamshin daddawa zai wuce, ƙarar turmi za ta wuce, haka ma faɗan da ake yi ma ƴar aiki. Mai son ya yi maganar ciniki a salonsa cikin sirri ya sani cewa madafa tana jin sa. Kuma idan aka huda bangon da ke tsakanin madafa da salo alhali madafar ba ta da mafita zuwa waje, to an mai da salo bututun hayaƙi ke nan. Ƙa'idar ita ce iska ta shigo ta salo, ta ratsa bango mai ido, ta bi ta kan murhu, ta fita waje. Wahalar ita ce iskar Yamai ba ta da alƙibla guda: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, da damina daga kudu maso yamma, hadari kuma daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa. Saboda haka ba a dogara da taga kaɗai. Iska mai zafi sama take yi, sai a buɗe mata hanya can kusa da rufi a bangon waje, ko a yi bututu bisa murhu. Ko da rana ta yi tsit, hayaƙi zai bi can. Bangon gabas kuwa, in za a huda shi, a sa mai karkatattun ramuka kuma rufi ya ɗan zarce, in ba haka ba ruwan farko na damina zai wanke madafar har da garin tuwo.

Zancen hayaƙi ba na jin daɗi ba ne kawai. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi take, ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Tun shekarun 1980 ake yaɗa murhun Mai Sauƙi a wannan birni domin rage cin itace, amma murhu komai kyansa, in an kunna shi a rufaffen ɗaki, hayaƙin cikin ƙirji zai ƙare. Gawayi ya fi haɗari, domin gubar da yake fitarwa ba ta da launi ba ta da wari. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: madafar da ke haɗe da salo, ko da kulostara ko babu, ta gas ce kawai. Itace da gawayi wurinsu tsakar gida.

Gas ɗin ma yana da nasa hali. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, tukunyar gas ta shiga gidaje da yawa da a da ba su san ta ba. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne wannan gas ya fi iska nauyi. In ya zurara ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya bi daɓe yana neman gangare. Ramukan da ke kusa da rufi ba su fitar da shi. Dole a bar mashi ƴar hanya can ƙasa, daidai daɓe, a bangon da ke kallon waje. Wannan kuma wani dalili ne na barin gindin bangon salo a toshe: ba a so gas ya gangara inda ake shan taba ko ake kunna turaren wuta.

Da me za a yi ta? Ta siminti ita ce kowa ya sani. Masu buga tubali a bakin hanya suna da ƙirarta iri-iri, wuta ba ta cin ta, gara ba ta cin ta. Sai dai a duba hannun mai bugawa, domin wanda ya tsuke siminti ya cika rairayi, kayansa a hannu suke marmashewa, kuma tubalin da ba a shayar da shi ruwa ba bayan bugu, rana ta busar da shi da gaggawa, ba ya ƙarko. Araha ba ta ado. A kuma gaya ma magini cewa wannan bango ba ya ɗaukar nauyin rufi. In an rushe cikakken bango za a maye shi da mai ido, sai an fara tabbatar da abin da zai riƙe saman, in kuma bangon yana da tsawo a ɗaure shi da ƙarfe. Ta ƙarfe, wadda masu walda suke yi, ba ta cin wuri kuma tana wankuwa, amma da yake ba ta da kauri ba ta tare ido sosai sai an matse zanen. Ta katako ta fi kowace kyau, kafintocin kasuwar Katako suna iya ta in an ba su zane, amma a nisanta ta da murhu. Wadda nake jan kunne a kanta ita ce ta allunan nan da ake shigowa da su, na garin katako matsattse ko na roba, waɗanda inji ke yanka ma furanni. A shago suna da kyau ƙwarai. A madafa, na garin katako yana kumbura da tururi, na roba yana lanƙwashewa da zafi, in kuwa wuta ta kama shi hayaƙinsa guba ne. Wurinsu salo ko ɗakin kwana.

Wani abin takaici shi ne zanen. Muna da dagi, muna da adon da ke bangayen unguwar Birni a Damagaram, muna da zanen bakin riga da na ƙwarya da na kayan fatar Abzinawa. Wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama ya zaga wurin masu sana'a zai fito da zane ashirin. Amma sai ka shiga gidan Alhaji ka tarar da ganyen inabi da furen da ba ya tsira ko'ina a ƙasar nan, saboda shi ne ke cikin littafin samfurin da aka zo da shi daga waje. Maƙerin da zai ƙera ƙirar dagi yana nan, aikin kwana kaɗan ne, kuma ƙira guda za ta buga ɗaruruwa.

Duk da haka kada son ado ya rufe ido ga wanda zai yi shara. Maiƙon suya yana tashi ya manne, ƙurar hunturu ta zo ta hau kansa, su zama wani baƙin danƙo cikin kowane lungu. Zane mai ƙananan lunguna ɗari biyar, mai gida ne ya zaɓa, amma ba shi ne zai bi su da tsumma ba. Ramin da hannu ba ya shiga ba zai taɓa wankuwa ba. A zaɓi zane mai sauƙi, a shafe shi da fenti mai maiƙo wanda ruwa da sabulu ke wankewa, kada a bar simintin tsirara. Na bangon waje kuma a sa mashi raga ta ƙarfe daga baya. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mu da hannunmu muka tsaga, kuma ba ƙadangare kaɗai ke jira ba, akwai ɓera da ƙuda da sauro.

Mu koma Zongo, domin mafi yawan masu karanta mu ba bila suke ginawa ba. A gidan haya, ɗan haya ba shi da ikon taɓa bango, mai gida kuma ba ya son kashe ko dala. Amma lissafin ba shi da wuya. Ɗan gajeren shinge na kulostarar siminti gaban kowane ɗaki, tsawon ƙirjin mutum, mai kusurwa guda domin kare murhu daga iska, tubali kaɗan ne da aikin yini biyu. Zana kuwa kowace shekara ko biyu sai an sake ta, kuma kowace rana tana iya tashi da gidan gaba ɗaya, har da ɗakunan da mai gida yake karɓar haya a kansu. Inda mai gida ya ƙi, ɗan haya yana iya sa mai walda ya yi mashi shinge mai ƙafafu, falle biyu ko uku masu naɗewa, wanda zai ɗauka ya tafi da shi ranar da ya tashi.

Ga masu gini kuma, lokacin wannan shawara shi ne tun zane yana kan takarda, kafin a haƙa tushe, domin matsar da bango a takarda kyauta ne, a ƙasa kuwa buhunan siminti ne. A kira wadda za ta yi girkin a shimfiɗa mata takardar, a nuna mata inda murhu zai zauna, inda baƙo zai zauna, da inda ƙofar tsakar gida take. A tambaye ta a ina za ta yi daka, a ina za ta ajiye buhun hatsi, da tukunyar suna ko ta biki wadda ba ta hawa kan gas. In gidan na mata biyu ne, a tambayi kowace ita kaɗai. Randar ruwa kuma a ba ta wuri jikin bangon waje mai ido, gefen inuwa, inda iska ke ratsawa.